Me ke sa birni a Amurka ya amsa sunansa na birni?

Daga Greensboro: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. A nan Greensboro ta jihar North Carolina, inda mu 'yan Nijar muke da yawa, akwai dogayen benaye a tsakiyar gari, amma da zarar ma'aikata sun tashi sai yawancin tituna su yi tsit, kuma wanda ba shi da mota ko cefane yana yi masa wuya. Ina roƙon waɗanda suka zauna a wasu garuruwa su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Daga Bronx, a birnin New York: Wa alaikumus salam Malam. A ganina ƙafa ce ma'aunin. A unguwarmu mutane suna kwana a sama, shaguna suna ƙasa, don haka daga ƙofar gidana zuwa masallaci, da mahaucin da ke sayar da naman halal, da gidan abincin 'yan'uwanmu na zangon Ghana, duk tafiyar ƙasa ce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, wanda ya fara aiki a 1904, yana da tashoshi 472 kuma ba ya hutawa dare da rana, shi ya sa fiye da rabin gidajen birnin ba su da mota. Nakan fita aiki kafin asuba in tarar da jirgi cike da masu aikin asibiti da magina. Haya tana da tsada, ɗakuna kuma ƙanana ne, amma ban taɓa jin kaɗaici a kan titi ba.

Daga Houston: Yaya na Bronx, ka faɗi gaskiya, sai dai ina so a yi wa garinmu adalci. Houston ce ta huɗu a yawan jama'a a ƙasar nan, kuma a titin Bissonnet za ka ji harsunan Najeriya a shaguna da gidajen abinci kamar kana gida. Matsalar ita ce kowane shago yana bayan makeken filin ajiye motoci, ga zafin bazara mai hana tafiya. Har a tsakiyar gari ma'aikata sun fi bin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu na'urar sanyi da suka haɗa benaye, saboda haka baƙo zai ga titi fayau da tsakar rana ya ɗauka ranar hutu ce. Jama'a suna nan, haɗuwarsu ce ta yi ƙaranci, kuma wannan yana damuna ƙwarai saboda mahaifiyata, wadda ba ta tuƙi, takan wuni a gida sai na dawo.

Daga Washington: Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Garin da nake ciki ya nuna cewa tsawon bene ba shi ne ma'aunin birni ba, domin dokar 1910 ta ƙayyade tsayin gine-gine gwargwadon faɗin titin da suke kai, amma gidaje a manne suke da juna, kuma akwai masu wucewa har dare. Bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, an rushe unguwanni a birane da dama, galibi na baƙar fata, don motoci su ratsa. Mazauna Washington sun yi tsayin daka har aka soke da yawa daga cikin hanyoyin da aka tsara, aka karkatar da kuɗin zuwa jirgin Metro da aka buɗe a 1976, wanda shi nake hawa kullum.

Daga Chicago: Ni da hunturu nake gwada gari. A watan Janairu, cikin dusar ƙanƙara da iskar tafkin Michigan, na ga titin Devon cike da masu sayayya a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, jirgin ƙasa mai bi ta saman tituna kuma yana ta kaiwa da komowa. Malam na Greensboro, idan za ka kawo ziyara ka zo a lokacin, amma ka tanadi babbar rigar sanyi.