Abokan cinikina na Turkiyya suna neman apostille a kan takardun kamfanina

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani a Tawa, kuma za mu ƙulla yarjejeniya da wasu 'yan kasuwa na Istanbul. Sun nemi in aika musu da takardar RCCM, wato rajistar kasuwanci, da dokokin kafa kamfanin, da sharaɗin a buga musu abin da suka kira apostille. Na kai kwafe magajin gari ya sa hatimi, amma suka ce bai wadatar ba. Don Allah, wane ofishi ne ke yin wannan aikin?

Mai Sufuri:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Apostille hatimi ne da ke tabbatar da ingancin takarda domin a karɓe ta a wata ƙasa. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar Hague ta 1961, kuma yana aiki ne tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta kawai. Turkiyya tana ciki, Sin ma ta shiga a 2023, amma Nijar ba ta ciki, saboda haka babu ofishin da zai ba ka shi a nan. Hanyarmu ita ce ta hatimi bisa hatimi: notar, wato jami'in da doka ta ba izinin tabbatar da takardu, ya tabbatar da dokokin kamfanin, ma'aikatar harkokin waje a Yamai ta tabbatar da sa hannun, sannan ofishin jakadancin Turkiyya ya ɗora nasa. Hatimin magajin gari yana nuna kwafe ya yi daidai da asali ne kawai.

'Yar Yamai:
Ranka ya daɗe, kafin ka kamo hanyar Yamai, ka shimfiɗa takardun nan a kan tebur tare da fasfo ɗinka, ka bi sunanka harafi bayan harafi. Ni an taɓa mayar mini da takardu bayan sun sha hatimi uku, domin a RCCM an rubuta sunan mahaifina da "ou", a fasfo kuwa da "u". Sai da na koma kotun kasuwanci aka gyara, na sake biyan kowane mataki daga farko, kuma abin ya ci mini kusan wata guda. Ka karɓo sabon kwafen RCCM, domin bankuna da dama ba sa karɓar wanda ya daɗe. Batun fassara kuma, ka tambaye su a rubuce ko a nan za a yi ta ko a can.

Ɗan Tawa:
Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba, sunan ya zo daidai, amma adireshin tsohon shagona ne a takardar, don haka gobe da safe zan fara da gyaransa.