Kofin gilashi a hannun ɗan ajinmu

Zauren 'yan aji, daren Asabar

Ɗan Kambrij: Salamu alaikum 'yan aji. Raina a ɓace yake wallahi. Ranar Alhamis abokan aikina suka matsa sai na raka su bikin giya da ake yi a garin nan na Kambrij a Ingila duk ƙarshen watan Mayu, a wani fili na bakin kogi mai suna Jesus Green. Tun 1974 ake bikin, kowa a garin ya san shi. Na ce musu ba na sha, suka ce akwai rumfar cuku da burodi, akwai ruwan tuffa. Tun daga ƙofa kake biyan kuɗin kofin gilashi mai layi-layi a jiki, na sulusi, na rabi da na cikakken awo, da shi za ka yi ta zagaye, ko me za ka sha a ciki za a zuba maka. Wata 'yar ofishinmu ta ɗauke mu hoto ta sa a Facebook, kafin a sauko daga Juma'a hoton ya isa wajen Kawu. Yanzu Hajiya ta ƙi ɗaga wayata. Ni fa cuku kawai na ɗanɗana sai ruwan tuffa. Don Allah wa zai je ya yi wa tsohuwar nan bayani?

Na Kurmi: Ɗanɗana ka ce?

Ɗan Kambrij: Cuku, malam. Cuku na ɗanɗana.

Na Kurmi: Ai duk wanda aka kama da ɗanɗano yake farawa. Ba mu taɓa jin wanda ya ce ya sha ba.

Ustaz: Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Hadisi ne, ba maganata ba. Babu wani babi na ɗanɗano.

Ɗan Kambrij: Ustaz karanta abin da na rubuta mana.

Ustaz: Na karanta. Kuma a ina ka ce an yi? Jesus me? Har coci aka kai ka?

Ɗan Kambrij: Filin ciyawa ne na hukumar gari, sunan wata kwaleji da ke kusa ya samu. Yara na buga ƙwallo a wurin.

Hajiyar Amurka: Ku bar yaron nan ya huta. Ruwan tuffan da yake faɗa shi ne saida, nan duk kaka muna sayensa galan-galan a kanti, 'ya'yana na sha da ɗumi da kirfa. Ba giya ba ce ko kaɗan.

Ɗan Kambrij: Hajiya kin ƙara jefa ni rami. A wajenku ne saida take nufin matsattsen ruwan tuffa. A Ingila in aka ce saida giya ce sak, an bar ruwan ya tashi, wasu a wurin nan sun kai kashi 7 cikin ɗari, sun fi giyar hatsi ƙarfi. Daga Somerset da Herefordshire aka fi kawo ta. Ni ba ita na sha ba. Wanda na sha daga kwalba aka zuba min, na karanta jikinta sau biyu.

Na Kurmi: To ga shi nan. Ya san kashi, ya san garuruwan da ake yi. Wanda bai ɗanɗana ba ina ya san wannan?

Hajiyar Amurka: Shekarata 11 a ƙasar Turawa, kai da ka je jiya ne za ka koya min saida?

Ɗan Damagaram: Ni fa tun ɗazu na ɗauka sai da wani abu ake yi. Me ake sai da wa?

Baban Zara: 😂 Mutuncin Ɗan Kambrij ake sai da wa, arha.

Ɗan Kambrij: Akwai ma wata da suke yi da fiya, peri suke ce mata, wuri ɗaya ake jera su da saida.

Baban Zara: Fiya? Wannan mai maiƙon da muke shafa wa burodi? Turawa ba su bar komai ba.

Ɗan Kambrij: Ba fiyarmu ba. Tasu mai kama da tuffa ce, mai ɗan wuya.

Ɗan Jos: Ku tsaya in tambaye shi abu ɗaya, ni da nake sha ban ɓoye wa kowa ba. Aboki, giyar da ke cikin gangunan nan, da kumfa take fitowa kamar ta kwalba?

Ɗan Kambrij: A'a, kuma nan ne abin ya ba ni mamaki. Tanti ne ƙato, an jera ganguna a kwance kan katakai hawa-hawa, kowace da famfo a baki da takarda an rubuta sunanta da ƙarfinta. Mai zubawa ya murɗa famfo kawai ta zubo a hankali, kumfa kaɗan, kuma ba sanyi ƙarara ba. Wani dattijo mai farin gemu da ke zubawa, aikin sa kai yake yi ba a biyansa, ya tsare ni kusan minti ashirin yana min bayani. Wai ita ce giya ta gaske, don yis ɗin cikinta na da rai, a cikin gangar take ƙarasa nuna, ba a kashe ta da zafi ba, ba a ɗura mata iskar gas ba. Da an buɗe ganga kwana uku zuwa huɗu ta fara tsami. Ƙungiyarsu CAMRA mutum huɗu suka kafa ta a 1971 don jin haushin manyan kamfanoni da suka cika mashaya da giyar gas. Har littafi yake da shi a aljihu yana rubuta duk wadda ya gwada.

Ɗan Jos: Shi ke nan, burukutu ce. A jiƙa dawa ta tsiro, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi, a sha tana motsi a ƙwarya, in ta kwana biyu ta lalace. Kakata ta yi wannan sana'ar shekara da shekaru ana ce mata arniya. Bature ya yi a ganga an kafa masa ƙungiya.

Na Kurmi: Kar ka kawo mana burukutu zauren nan. Ba Jos muke ba.

Ɗan Jos: Sabon Gari a Jos yake? Motocin da ke fakin a can da daddare lambar Filato ce a jikinsu?

Na Kurmi: Baƙi ne.

Ɗan Jos: Baƙi masu babbar riga da hula zanna.

Ustaz: Shi ya sa Hisbah ke fasa kwalabe. Allah ya ƙara musu ƙarfi.

Ɗan Jos: A fasa kwalba a Kano, a karɓi kason harajinta daga Abuja. Na gane.

Mai Zaure: Ban da siyasa. Doka ta uku.

Hajiyar Amurka: Ni dai har yanzu ina kan bakana, saida ba giya ba ce. Bari in ɗauko muku hoton galan ɗin daga firji.

Malama Ladi: Tambaya ce da ni Ustaz. Kunun zaƙin da ya kwana ya fara tsami yana 'yar kumfa a baki, shi fa? Don yadda Ɗan Kambrij ya kwatanta, hanyar ɗaya ce.

Ustaz: Malama kar ki haɗa kunu da giya. An jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa yana sha har kwana uku, bayan nan a bayar ko a zubar. Ma'aunin shi ne maye. Amma shi wannan nasa daban ne, an hana zama a teburin da ake zagaya giya a kai.

Ɗan Kambrij: A tsaye nake Ustaz, ba ko kujera.

Baban Zara: 😂😂 Ya sami mafita.

Ustaz: Ba abin dariya ba ne Alhaji. Kai da har yau ba ka biya dubu biyar ta gudummawar asibiti ba.

Baban Zara: Na biya! Ma'aji ya fito ya faɗa.

Na Kurmi: Ma'aji ai ƙanin matarka ne.

Baban Zara: Kai kuma kuɗin rigunan taron bara ina suka shiga?

Ɗan Damagaram: Ni sefa na turo, aka ce canji ya cinye rabi. Ban ce komai ba.

Hajiyar Amurka: Ga hoton nan. Ku karanta da kanku, ina aka rubuta giya?

Ɗan Jos: Hajiya naki galan ne na Amurka, shi yana Ingila.

Hajiyar Amurka: Duk Turanci ɗaya suke yi.

Mai Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da zaure ya tsayar. Na ɗaya, Ɗan Kambrij da bakinsa ya ce ya ɗanɗana, don haka Na Kurmi ya yi gaskiya, sai ya tuba ya kiyaye gaba. Na biyu, maganar saida Hajiya ta kawo hujja da hoto, ɗaya ɓangaren bai kawo komai ba. Na uku, batun Sabon Gari ƙazafi ne ga Kanawa, kuma wanda ya fara kawo burukutu shi ya ɓata hirar, muna jiran ya ba da haƙuri. Kuɗin riguna an riga an yi bayaninsu tun bara, ba za a sake tayar da su ba. Wanda bai biya gudummawa ba ya biya kafin Laraba. Na rufe zaure zuwa safe.

Da asuba, bayan an buɗe:

Ɗan Kambrij: Jama'a, cuku na ce. Wa zai je wajen Hajiya?

Na Kurmi: Wane irin cuku?