Ga mai son ƙaga labarin yaƙin Sakson da Viking

Da aka tattauna kan ƙagaggun labaran yaƙe-yaƙen Ingila na zamanin da, shawarar da ta fi yawa ita ce marubuci ya cire ƙaho daga kwalkwalin mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai da suka riƙa kai wa Sakson na Ingila hari, don ba su sa irinsa a fagen fama ba. Kada kuma a raba wa kowa takobi. Tsada gare shi, sai manya. Talaka mashi yake riƙewa, ko gatari.

An daɗe ana magana a kan katangar garkuwa. Mayaƙa na jeruwa kafaɗa da kafaɗa, garkuwar katako na hawa gefen 'yar'uwarta, ana turereniya ana soka mashi ta kafofi. Nan labari ke samun rai, a ganina.

Wajen zaɓen zamani kuwa an rabu. Wasu sun ce a fara da harin da Viking suka kai tsibirin Lindisfarne a 793. Mafi yawa sun fi son 878, shekarar da Sarki Alfred na Wessex, wata masarautar Sakson, ya fake a fadamar Athelney, ya fito ya ci Guthrum, shugaban rundunar Viking, da yaƙi a Edington, har Guthrum ya karɓi Kiristanci. Wani ya tunatar cewa Viking ɗin nan manoma ne kuma fatake, a bar su su yi ciniki a labarin.