Me ya sa ciwon farin ɗigo ke kashe jatan lande amma ya bar karfasa?

Ɗan Gashuwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun kiwon kifi a Malesiya. Makon jiya malaminmu ya kai mu wata gonar jatan lande da ciwon farin ɗigo ya faɗa wa. Cikin kwana biyar kududdufi guda ya ƙare, gawarwaki sun taru a gefe, kowanne da fararen ɗigo a ɓawonsa. Mai gonar har hawaye ya yi, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Amma karfasar da ke cikin ruwan nan lafiyarsu ƙalau. Ruwa ɗaya, cuta ɗaya, yaya aka yi ta zaɓi wanda za ta kashe?

Malam Mai Tarwaɗa:
Wa alaikumus salam. Bairos ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar mai rai, kuma ba ya shiga sai ya samu makama a jikinta. Bairos ɗin da ke jawo ciwon farin ɗigo, wanda ake kira WSSV, yana da furotin iri-iri a fatarsa, fitacce a ciki shi ne VP28. Su ne ke laluben furotin ɗin jatan lande da suka dace da su, su manne. A jikin karfasa ba ya samun yadda yake so, haka ma ɗan Adam, shi ya sa ba ya kama mu. Ƙaguwa kuwa 'yar dangi ce, tana ɗauka ta kai wani kududdufin. Tun 1992 da ya ɓulla a yankin Taiwan da Sin yake ɓarna, a 1999 ya durƙusar da gonakin Ekwado.

Maman Hanifa:
Malam, a ƙara da wannan: makamar ba ɗaya ba ce. A 2006 masu bincike a Tailan sun gano VP28 yana kama wani furotin mai suna Rab7, kuma da suka tare wannan haɗuwar mace-macen sun ragu ƙwarai. Sai dai Rab7 a cikin ƙwayar yake aiki, shi ke tura kayan da ta haɗiya zuwa inda za su. Wato bairos ya fara mannewa a waje, ga irin su integirin, wani furotin da ke fatar ƙwayar, ƙwayar ta haɗiye shi da kanta, sannan ya hau hanyar cikin gida har ya isa cibiyar ƙwayar, inda yake hayayyafa. Wannan ne ya sa nake ganin toshe ƙofa ɗaya ba zai wadatar ba.

Ɗan Gashuwa:
Na gode Hajiya, na gode Malam. To allurar rigakafi fa?

Maman Hanifa:
Nan gizo ke saƙar, ƙanena. Jatan lande ba ya ƙera sinadarin kariyar da ke tuna cuta irin namu da na kifi, don haka rigakafi ba ya daɗewa a jikinsa. Ka faɗa wa mai gonar ya sayi 'ya'yan jatan landen da aka yi wa gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ko akwai bairos ɗin a jikinsu, ya tace ruwan da ke shigowa, ya katange ƙaguwa, kuma ya guji zuba iri lokacin sanyi, domin in ruwa ya haura digiri 32 bairos ɗin yana raguwa da ƙarfi.