Sunan Kanta: Argungu ce ta cancanta ko Surame?

Malamin makaranta daga Binji: Assalamu alaikum. Makon jiya na kai ɗalibaina gidan tarihin Kanta da ke Argungu, sai wani yaro ya tambaye ni ɗakin da Kanta yake kwana, kuma tambayar ba ta bar zuciyata ba. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa masarautar Kabi, bai taɓa zama a wannan gida ba. Ya yi zamaninsa ne a ƙarni na 16, lokacin da ya ɓalle daga mulkin Askiya na Songhai, kuma babban birninsa shi ne Surame, wanda kufansa yake nan ƙasarmu ta Binji a jihar Sakkwato da ragowar ganuwarsa ta duwatsu. A ganina sanya sunansa a kan ginin Argungu yana ruɗar da yara, yana kuma binne Surame.

Dattijo daga Argungu: Wa alaikumus salam, Malam. Babu Bakabe mai hankali da zai ce Kanta ya zauna a Argungu, amma ka manta cewa sarauta takan yi ƙaura tare da masu ita. Daga Surame aka koma Birnin Kebbi, kuma da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, jikokin Kanta da suka ƙi miƙa wuya sun yi ta fama har suka kafu a Argungu, inda suka riƙe 'yancinsu har zuwan Turawa. Wannan gida shi ne fadar Sarkin Kabi har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958, kuma a cikinsa sarakunanmu suke kwance. Tambura da masu da takubban da ɗalibanka suka gani gadon gidan Kanta ne. Ina laifin ɗa ya kira gidansa da sunan kakansa?

Ɗalibar tarihi daga Birnin Kebbi: Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai a kan sunan, amma akwai abin da ya fi damuna. Abin da aka saba faɗa wa baƙi shi ne Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya gina gidan a 1831, alhali a wannan shekarar ce aka kashe mahaifinsa Karari, shi kuma aka tafi da shi Sakkwato, inda ya daɗe a hannun Sarkin Musulmi, bai kuma ɗaga tutar Kabawa ba sai a 1849. Mutumin da yake tsare a Sakkwato da wuya ya gina fada a Argungu a wannan shekara, saboda haka ko dai shekarar ce aka kuskure, ko kuwa ginin ya faro tun zamanin mahaifinsa.

Dattijo daga Argungu: 'Yata, kin yi magana ta ilimi, kuma ba zan yi miki musu a kan lissafin shekaru ba, domin iyayenmu da zamanin sarki suke ƙirga tarihi, ba da kalandar Bature ba. Abin da muka gada shi ne gidan na Nabame ne, kuma idan gyara ya kama, shekarar za a gyara.

Malamin makaranta daga Binji: Baba, hujjarka ta gado ta shige ni, amma ba ta amsa kukana ba. An ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa tun 1964, kuma Najeriya ta sanya shi cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya a 2007, duk da haka dubban mutanen da suke zuwa Matan Fada kallon bikin kamun kifi suna komawa gida ba su ji ko sunansa ba. Idan gidan Argungu zai ci gaba da amsa sunan Kanta, wajibi ne mai yi wa baƙi jagora ya fara bayaninsa da Surame, ya kuma faɗa musu ƙarara cewa ba a nan Kanta ya zauna ba.

Ɗalibar tarihi daga Birnin Kebbi: Malam, idan ka shirya kai ɗalibanka Surame bayan damina, ka sanar da mu, domin ni ma ina so in ga ganuwar da idona.