Jiran lasisin ƙaramar bindiga a Amurka: hana haƙƙi ne ko ceton rai?

Malam Lawal: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i Alhaji Sabo ya jefo maganar da ta tada ƙura, wai jan ƙafar da hukumomi ke yi kafin su ba mutum lasisin ƙaramar bindiga a nan Amurka hana haƙƙi ne aka shafa wa hoda. Na ce a kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ban da zagi.

Alhaji Sabo: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Sau biyu ana faɗo mini kanti da dare, a na biyun har an ɗora wa yaron kantina bindiga a ka. Na cika fom, na biya kuɗi, an ɗauki zanen yatsuna, na zauna aji an koya mini harbi, na kawo masu shaidar halina. Yau wata goma sha ɗaya. In na kira ofishin, sai a ce fayil na kan layi. To wanda ya faɗo mini kanti, shi kwana nawa ya jira?

Hajiya Binta: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Amma ni a sashen gaggawa na asibiti nake aiki, abin da nake gani daban ne. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar nan, kuma 26,328 daga cikinsu su suka harbe kansu. Fiye da rabi ke nan. Zuciya takan tashi, takan kuma kwanta in an ba ta kwana biyu. Mutumin nan da ya kashe mutum takwas a gidajen tausa na yankin Atlanta a Maris na 2021, a ranar ya sayi bindigarsa. Da an ce masa ya dawo bayan kwana goma, wa ya sani?

Alhaji Sabo: Kwana goma kika ce, Hajiya. Ni wata goma sha ɗaya nake faɗa miki.

Isuhu Ɗan Maraɗi: Mu nan Greensboro an huta da wannan. Da can sai ka karɓo takarda a wajen sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, kafin ka sayi fistol, dokar tun ta 1919 ce. A Maris na 2023 majalisar North Carolina ta soke ta, duk da gwamna ya ƙi sa hannu. Yanzu shago za ka shiga, su duba sunanka a kwamfutar FBI, in ba ka da tabo ka biya ka fito. Alhaji, ka kwaso kayanka ka dawo nan kawai.

Lauya Nasiru: Da izinin manya. Jira iri biyu kuke cakuɗawa, shi ya sa Alhaji da Hajiya kowa ke ganin ɗan'uwansa bai ji shi ba. Akwai kwanakin hucewa da doka ta yanka da gangan tsakanin saye da karɓa: California kwana 10, Florida kwana 3. A kan irin wannan ne masu bincike na Harvard suka duba alƙaluman 1970 zuwa 2014, suka ce yana rage kisa da bindiga da kusan kashi 17 cikin ɗari. Nan hujjar Hajiya ta zauna daram. Na Alhaji kuwa fayil ne ya kwanta a tebur, ba ranar tashi. Ba wata majalisa da ta zauna ta ce mutum ya yi wata goma sha ɗaya yana hucewa.

Kuma Kotun Ƙoli ta hango wannan. A shari'ar Bruen, ranar 23 ga Yuni 2022, alƙalai shida cikin tara suka rushe sharaɗin New York na cewa sai ka nuna wani dalili na musamman kafin a ba ka izinin yawo da bindiga. Alƙali Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin. A wani ɗan bayani a ƙasan shafi an ce jihohi na iya ci gaba da neman lasisi, amma in jiran ya yi tsawo ko kuɗin ya wuce hankali, ƙofar ƙara a buɗe take. Dokar New York kanta wata shida ta ba jami'in lasisi ya ce e ko a'a. A 2025 ma, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta maka ofishin sherif na Los Angeles a kotu kan wannan jinkiri.

Mamman Zango: Lauya, ka bar wani abu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu 'yan Bronx mun tuna 2016, lokacin da aka kama 'yan sandan sashen lasisi na birnin New York suna karɓar na goro daga dillalai. Mai kuɗi ya biya dillali, takardarsa ta fito da wuri, mai tuƙin tasi yana can yana zaman jiran gawon shanu. Ko ba cin hanci ma, kuɗin fom dala 340 ne, ga na zanen yatsa, ga awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi da dokar 2022 ta ɗora, duk daga aljihunka. Wanda ke aikin dare ya huta da rana, yaushe zai haɗa wannan?

Hajiya Binta: Awa 18 ɗin ba ta dame ni ba ko kaɗan. Lasisin tuƙi ma ai sai an gwada ka.

Zainab Kano: Anti Binta, ina tare da ke a kan kwanakin hucewa, amma akwai labarin da ya tsaya mini a rai. Wata mai gyaran gashi a New Jersey, a 2015. Tsohon saurayinta na yi mata barazana, ta samo umarnin kotu na kada ya kusance ta, ta sa kyamarori a gida, ta nemi izinin sayen bindiga a Afrilu. Dokar jihar ta ce a amsa cikin kwana 30. Aka wuce kwana 40 shiru. Farkon Yuni ya tare ta a ƙofar gidanta ya kashe ta da wuƙa. Sai bayan ta mutu gwamna Chris Christie ya ce a riƙa hanzarta takardun masu irin halinta.

Hajiya Binta: Na san labarin, Zainab, kuma ban kare waɗanda suka zauna a kan takardarta ba. Sai dai ba mai iya rantsewa bindiga za ta cece ta, wanda aka yi wa kwanton ɓauna ko jaka ba ya samun buɗewa. Ki kuma juyo ɗaya gefen: binciken da aka yi a biranen ƙasar nan ya nuna in mai dukan mace yana da bindiga, haɗarin ya kashe ta yakan ninka kusan sau biyar. Ƙofar da za a buɗe mata da sauri, shi ma ta nan zai shiga.

Mamman Zango: Matsalar ita ce wa ke riƙe da makullin. A 1956, bayan an jefa bam gidan Martin Luther King a Montgomery, ya nemi izinin riƙe bindiga, aka hana shi. Mu baƙaƙe masu suna Muhammadu da Abubakar, kada mu yi saurin yarda cewa jan ƙafa kowa yake samu daidai wa daida.

Alhaji Sabo: To ga mafita mai sauƙi. A yanka wa'adi. In ya cika ba su gama bincikensu ba, a miƙo mini lasisina, laifinsu ne.

Lauya Nasiru: Ranka ya daɗe, an gwada irin wannan a matakin tarayya. In FBI ba ta gama duba mai saye cikin kwanakin aiki uku ba, mai shago na iya miƙa masa bindiga. Ta nan yaron da ya kashe mutum tara a cocin baƙaƙen fata na Charleston a Yuni 2015 ya samu tasa. Shugaban FBI na lokacin, James Comey, da bakinsa ya ce bai kamata a sayar masa ba, takardun kamun da aka taɓa yi masa ne ba su isa hannun mai dubawa a kan lokaci ba. Ni abin da na fi so shi ne wa'adi ya cika, alƙali ya kira shugaban ofishin ya zo ya yi bayani, ofishin ya biya kuɗin lauyan mai ƙara. Ran da jinkiri ya fara ci musu kuɗi za ka ga an ɗebi ma'aikata.

Alhaji Sabo: Wato in ƙara biyan lauya a kan abin da kundin tsarin mulki ya riga ya ba ni. Kai dai kasuwa kake nema wa kanka.

Baba Garba Gusau: Ina karanta ku daga gida ina murmushi. Ku har kuna da layin da za ku bi. A nan Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da izinin shugaban ƙasa. A makon da Kotun Ƙolinku ta yanke wancan hukunci na Bruen, gwamnatin Zamfara ta Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, za a raba fom 500 a kowace masarauta cikin 19. Manyan jami'an tsaro suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ɓarayin daji kuwa ba su taɓa cika fom ba.

Alhaji Sabo: Ka ji ko, Hajiya? Maganata ce Baba ya maimaita.

Hajiya Binta: Baba ya faɗi halin wurin da hukuma ta gaza, Allah ya kawo musu sauƙi. Kai kuma lambar gaggawa ta 911 za ka kira. Ni tambayata ɗaya ce, Alhaji: ran da takardar ta fito, ina za ka ajiye abar? Jikokinka huɗu nake gani suna tsalle a falonka duk Asabar.

Alhaji Sabo: Akwatin ƙarfe mai lamba na saya tun watan Azumi. Yana nan a ƙarƙashin kanta, rasit ɗin kanti nake zubawa a ciki.

Lauya Nasiru: To cikin rasit ɗin ka nemo mini na ranar da suka karɓi fom ɗinka, da duk wasiƙar da suka aiko. Ka kawo ofis ranar Litinin in rubuta musu. Wasiƙar farko kyauta ce, tunda an ce kasuwa nake nema.

Alhaji Sabo: Litinin ina karɓar kaya. Talata bayan Azahar.