Babur ba ya zama sai da cok: maganin zubawa a tanki zai wanke kafireta, ko sai an kwance?

Mai Tsohon Babur ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wani tsohon babur mai silinda ɗaya, 125cc, wanda yayana ya bar mini. Tafiya ta kama ni na ajiye shi wata bakwai, kuma laifina ne, ban rufe famfon mai ba, ban tsiyaye komai ba. Da kusan rabin tanki na jingine shi na lulluɓe da tamfol. Da na dawo na buɗe murfin tankin, warin da ya buge ni ba na fetur ba ne, ya fi kama da na tsohon fenti, kalar man ma ta yi ja-ja.

Na juye wannan man na zuba sabo, na sa sabon fulogi. Kik huɗu ko biyar ya tashi, amma da cok. Ina mayar da cok ɗin sai ya yi tari biyu ya mutu. In na ɗan riƙe totur yakan zauna, a kan titi kuma idan ya ɗauki gudu lafiya lau yake tafiya kamar ba shi ba. Wajen tsayawa ne abin yake ba ni kunya: duk inda na saki totur sai ya mutu, na baya suna ta danna mini hon.

Wani abokina ya ce in nemi maganin nan na kwalba da ake zubawa a tanki, wai shi zai narkar da dattin ba sai an taɓa sukuru ko ɗaya ba. Na zuba yadda aka rubuta a jikin kwalbar, na ƙone tanki guda, jiya i yau. Na ninka shi biyu, ban ga ƙarin komai ba sai hayaƙi mai wari. To ku da kuka san abin, maganin ne bai da kyau, ko ni ne ban ba shi lokaci ba? Ban taɓa kwance kafireta ba, kuma ina tsoron in kwance in ɗaure in ga saura sukuru biyu a ƙasa.

Ɗan Totur ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ni dai maganin ya yi mini aiki. Nawa ya kwana biyu a ajiye, yana ɗan shaƙewa in na ja totur, na zuba na yi doguwar tafiya, kafin in dawo ya ware. Kafin ka kwance gwada wannan: rufe famfon mai, sassauta sukurun da ke ƙasan kofin kafiretar man ciki ya zube, ka ɗaure. Sai ka cire tiyon mai daga jikin famfon ka ɗura maganin zalla ta cikinsa har kofin ya cika, ka bar shi ya kwana. Da safe ka tsiyaye, ka mayar da tiyo, ka buɗe mai. Ba abin da za ka yi asara.

Baba Bakanike ya amsa:

Ɗana, maganarka ta riga ta faɗi ciwon. Babur ɗin da yake tashi da cok, yake gudu lafiya, amma ya ƙi zama a silo, wato inji na aiki ba a ja totur ba, ƙaramin jet ɗinsa ne ya toshe, ɗan sukurun nan mai rami da mai yake bi a cikin kafireta. Kafireta ba hanya ɗaya take ba da mai ba. Daga silo zuwa wajen kwata na totur, ƙaramin jet ne yake ciyar da inji. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allurar da totur yake ɗagawa ne, sama da haka kuma babban jet. Shi ya sa kake jin daɗinsa a guje. Cok kuwa ƙara mai yake yi a kan iska, sai ya rufa wa ƙaramin jet ɗin asiri.

Ramin wannan jet ɗin bai kai rabin milimita ba. A kafiretar kamfanin Keihin, in ka ga an buga 38 a jikinsa, faɗin ramin kusan milimita 0.38 ke nan, babban kuma in an buga 100 ya kai wajen milimita ɗaya. Fetur in ya daɗe a kofi, mai sauƙin cikinsa ya tashi ya bi iska, saura ya yi kauri ya zama danƙo kamar ƙaro. Wanne rami zai fara rufewa? Ƙaramin mana.

Maganin tanki kuwa, inda mai yake wucewa nan yake wankewa. Na Ɗan Totur bai gama toshewa ba, mai yana ɗan ratsawa, shi ya sa ya ci nasara, kuma ban ƙaryata shi ba. Naka ya rufe ruf. Ko kwalba goma ka zuba, ta babban jet zai bi ya ƙone a inji, ƙaramin yana nan yadda yake. Dabarar jiƙawa ta kwana ɗaya takan yi wani lokaci, in danƙo ne kawai. In tsatsa ce ko farin garin nan da ruwa yake bari a jikin ƙarfe, ba ta narkar da su.

Kwancewar ba wani abin tsoro ba ne a babur mai silinda ɗaya. Shimfiɗa farin tsumma, ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, kuma ka yi a fili, nesa da wuta da mai shan taba. Sukuroran kofin su ne suka fi ɓata wa sabon hannu rai. Na baburan Japan ƙirar JIS ne, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kansu, sun yi kama da Phillips amma ba ɗaya ba ne. Sukundireban da bai zauna daidai ba cinye kan zai yi. Danna da ƙarfi sannan ka murɗa.

In ka buɗe kofin, zare ɗan fil ɗin da ya riƙe fulot, wato abin da yake yawo a kan mai yana rufe hanyarsa in kofi ya cika, fulot ɗin zai fito da ƴar allurarsa mai bakin roba. Za ka ga jet biyu na tagulla: mai ƙiba a tsakiya, siririn a gefe, wani lokaci can cikin rami. Tagulla taushi gare ta, sai da sukundireba mai faɗin da ya cika tsagar. Ɗaga siririn ka kalli haske ta cikinsa. Na tabbata ba za ka ga komai ba.

Sukurun iska na gefe, kada ka fara da cire shi. Fara murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ba tare da ka matse ba, ka rubuta adadin. Yawanci tsakanin ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi. A wasu akwai ɗan sifirin da wasa da zoben roba a bayansa, ƙanana ƙwarai, in suka faɗi cikin ƙasa sai dai haƙuri.

Duk abin roba ka ware shi gefe kafin ka fesa maganin wanke kafireta na gwangwani, domin yana kumbura roba. Jiƙa jet ɗin a ciki, sannan ka zare sili ɗaya daga cikin wayar lantarki ta jan ƙarfe ka zura a hankali. Ban da allurar ɗinki, ban da wayar kebul ɗin birki. Na sha karɓar babur da aka buɗa wa jet da allura, silo ya dawo amma fulogi kullum baƙi ƙirin, mai kuma kamar ana zubarwa. Garin gyaran gira an rasa ido. Ƙananan ramukan da ke jikin jet ɗin ta gefe su ma a duba su. Sai ka fesa ta kowace ƙofa a jikin kafiretar ka ga ya fito ta wani wajen, musamman ɗan ramin da ke cikin maƙogwaron ta ɓangaren inji. Kare idonka, yakan dawo fuska. In kana da iskar kwamfuresa ka hura, amma bayan ka cire fulot. Kuma kada wani ya ce ka jiƙa ta a soda mai ci, tana cinye alminiyam.

Mai Karambani ya amsa:

Baba ya gama magana a kan kafireta, ni tankin nake ji. Rabin tanki wata bakwai, saman da babu mai ya sha raɓa ke nan. Haska tocila ciki. In akwai tsatsa, yau ka wanke jet gobe ta sake toshe shi. Akwai ƴar raga a jikin famfon mai ta cikin tanki, cire ka duba, ka kuma sa ƙaramar filta mai gani-har-hanji a tsakiyar tiyo. Ka lura RES, wato rizab na famfon mai, daga can gindin tanki yake jan mai, inda ruwa da datti suke kwanciya.

Sannan a ƙasashe da yawa fetur yanzu yana da etanol, wanda ake rubuta wa E10 kashi 10 cikin 100 ne. Etanol yana jan danshi, in ruwan ya yi yawa sai su ware su kwanta a ƙasa, kuma robobin tsofaffin babura ba don shi aka yi su ba. Magungunan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu wanki, irin Techron mai sinadarin PEA. Akwai masu hana mai lalacewa a ajiye, irin STA-BIL, wanda tun kafin ajiya ake zubawa a sabon mai a bar inji ya ɗan yi aiki ya kai shi kafireta. Man da ya riga ya lalace ba abin da zai dawo da shi. Kuma ninkawar da ka yi ka daina, ba ta ƙara komai.

Mai Tsohon Babur ya dawo:

Allah Ya saka da alheri, Baba. Na fara da dabarar Ɗan Totur, da safe abin da ya fito kore-kore ne, amma silo bai dawo ba. Sai na yi shahada na kwance. Gindin kofin kamar an shafa kwalta, ƙaramin jet kuwa ko ɗigon haske babu, yadda kuka faɗa. Sai da ya yi awa biyu a jiƙe kafin silin wayar ya ratsa. Sukurun iska zagaye biyu ba kwata na ƙirga, haka na mayar. Sukuru ɗaya na kofin na ɗan cinye masa kai, amma ya fita. Kuma babu ko ɗaya da ya yi saura a kan tsumma.

Yanzu kik ɗaya yake tashi, yana zama ba cok. Tankin akwai tsatsa kaɗan, na wanke na sa filtar. Sai dai sabon abu biyu: in na ja totur na saki, ƙarar takan daɗe a sama kafin ta sauko. Kuma jiya na tarar mai yana ɗiga ta siririn tiyon da ke ƙasan kofi. Wani abin na ɓata ne?

Baba Bakanike ya amsa:

Madalla, ɗana. Ɗigar nan allurar fulot ce ba ta rufewa. Ƙwanƙwasa gefen kofin da ƙotar sukundireba, in ta tsaya to datti ne ya maƙale. In ba ta tsaya ba sake buɗewa ka duba bakin allurar, idan ya yi zobe ka canja ta, ka kuma girgiza fulot ɗin kusa da kunne ka ji ko mai ya shiga cikinsa. Kafin nan kada ka kwana da famfo a buɗe, man yakan gangara inji ya haɗu da baƙin mai.

Ƙarar da take rataya a sama kuwa, ko iska ce take satar hanya, ko kebul ɗin totur ne ya maƙale. Murɗa kan babur ɗin dama da hagu yana silo, in ƙarar ta canja kebul ne ka bi da shi ba daidai ba. In ba ta canja ba, duba robar da ta haɗa kafireta da inji. Tsohuwa ce, ta bushe, cirewa da mayarwar nan kaɗai ta isa ta tsaga ta. Lanƙwasa ta da yatsa a cikin haske ka gani, ka duba ko ka matse zoben da ya ɗaure ta. Bayan ka yi tafiyar minti ashirin, bari inji ya huce ka cire fulogi ka faɗa mini kalar bakinsa.